Ofishin lauyoyin da ba shi da ƙofa: Yadda ake haɗa kan ma'aikatan da ba sa zama wuri ɗaya

Ofishin lauyoyi na nesa shi ne wanda lauyoyinsa da sauran ma'aikatansa ba su da wani gini da suke hallara a cikinsa kowace safiya. Kowa yana aiki daga gidansa ko daga inda ya zaɓa, takardun shari'a suna ajiye a rumbun intanet, ana ganawa da masu neman lauya ta waya ko ta bidiyo, idan kuma zama ido da ido ya zama dole sai a karɓi hayar ɗakin taro na 'yan sa'o'i. Duk da wannan rarrabuwa, sunan ofishin ɗaya ne, asusunsa ɗaya, inshorarsa ɗaya. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne alhakinsa ma ɗaya ne: idan lauya guda ya yi sakaci da ranar shigar da ƙara, ko ya bari sirrin wani ya fita, sunan kowa ne ya ɓaci.

Daga nan ne batun al'adar aiki ya taso. Abin da ake nufi da ita shi ne ɗabi'un da ma'aikata suka saba da su har suka zama jiki: yadda ake amsa saƙon abokin aiki, wanda ake tuntuɓa idan abu ya rikice, abin da ake yi wa wanda ya yi kuskure, da abin da ba a yi ko da babu mai gani. A ofishi na gini, sabon ma'aikaci yana tsintar waɗannan da ido da kunne ba tare da an zaunar da shi ba. A ofishin da babu gini, in ba a shirya koyar da su da gangan ba, babu inda zai tsince su.

Asalin tsarin

Mutane da yawa suna ɗauka annobar korona ce ta haifar da irin waɗannan ofisoshi, alhali sun girme ta da kusan shekara 20. A 2002 wasu lauyoyi biyu, James Fisher da Kevin Broyles, suka kafa FisherBroyles a birnin Atlanta na Amurka, bisa hujjar cewa kuɗin hayar manyan benaye da ƙawata su ba ya ƙara wa shawarar lauya inganci, sai dai ya ƙara wa mai biya nauyi. A wannan shekarar ce kuma James Knight da Charles Stringer suka kafa Keystone Law a Ingila. Rimon ya biyo baya a San Faransisko a 2008, sai gunnercooke a Ingila a 2010.

Da farko manyan ofisoshi sun yi musu kallon hadarin kaji. Abin ya sauya a hankali. A watan Nuwamban 2017 aka fara sayar da hannayen jarin Keystone a ƙaramar kasuwar hannayen jari ta Landan, abin da ya yiwu saboda dokar Birtaniya ta 2007 da ta halatta wa waɗanda ba lauyoyi ba su zuba jari a ofisoshin lauyoyi. A 2020 kuma FisherBroyles ya zama ofishi na farko mai wannan tsari da ya shiga jerin ofisoshi 200 mafiya samun kuɗi a Amurka, jerin da mujallar The American Lawyer take fitarwa duk shekara. Lokacin da korona ta rufe ofisoshin duniya a watan Maris na shekarar, waɗannan sun ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, sauran kuwa suka shiga koyon abin da suka raina.

Abin da bango yake yi a kyauta

Tun a shekarun 1970 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Thomas Allen, ya auna yadda injiniyoyi suke magana da juna a wurin aiki, ya gano cewa yawan maganar yana raguwa da sauri gwargwadon nisan da ke tsakanin teburansu. Wanda ke wani bene daban kusan kamar yana wani gari ne. Bayan shekaru kusan 50, masu bincike suka bibiyi saƙonni da tarukan ma'aikatan kamfanin Microsoft sama da 61,000 a Amurka, kafin komawa aiki daga gida da bayansa, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature Human Behaviour a 2021. Sun samu cewa kowane sashe ya ƙara dunƙulewa a cikin kansa, kuma kason lokacin da ma'aikaci yake ɓatarwa yana aiki da mutanen wani sashe ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100.

Wannan raguwar ta fi cutar da ofishin lauyoyi fiye da sauran wuraren aiki, domin matsalar mutum ɗaya ba ta tsayawa a fanni ɗaya. Ɗan kasuwar da ya zo a rubuta masa yarjejeniyar sayen kamfani yana da batun haraji a ciki, da batun ma'aikatan da zai gada, da batun filin da kamfanin yake kai. Lauyan da ya karɓi aikin yana bukatar ya san wanda ya ƙware a kowane ɗaya, ya kuma yarda da shi har ya miƙa masa mutumin da ya sha wahala kafin ya samu. Heidi Gardner ta makarantar koyon aikin lauya ta jami'ar Harvard ta yi shekaru tana nazarin wannan, kuma abin da ta nuna shi ne kuɗin da ofishi yake samu daga abokin hulɗa ɗaya yana ƙaruwa sosai idan fannoni da dama suka yi masa aiki tare, sannan barinsa ofishin yana ƙara wuya. Sai dai lauya ba ya miƙa amanarsa ga wanda bai taɓa shan ko shayi da shi ba. A gini, hirar bakin matakala da jiran lif ne suke ƙulla wannan sanayya ba tare da kowa ya biya ko kwabo ba.

Rabon kuɗi ne tushen al'ada

Masu ba da shawara kan aikin nesa sukan fara da wasannin kacici-kacici ta bidiyo da taya juna murnar ranar haihuwa. Waɗannan ba laifi ba ne, amma ba su ne suke riƙe lauyoyi wuri ɗaya ba. Ofisoshin da suka daɗe a wannan tsari sun fara ne daga inda rigima take farawa, wato rabon kuɗi, suka mayar da shi lissafi bayyananne da kowa zai iya yi da kansa.

A FisherBroyles, lauyan da ya samo aiki kuma ya yi shi da kansa yana riƙe kashi 80 cikin 100 na abin da aka biya, ofishi ya ɗauki 20. Idan ya samo aikin ya ba wani abokin aiki ya yi, sai a raba 80 ɗin: 32 ga wanda ya kawo, 48 ga wanda ya yi. A Keystone kason lauya yana kaiwa 75, inda 60 na yin aikin ne, 15 kuma na kawo shi. Hikimar da ke ciki ita ce miƙa aiki ga wanda ya fi ka iyawa ba asara ba ce, tunda rabonka yana nan. A tsohon tsari kuwa, kwamiti ne yake zama a asirce a ƙarshen shekara ya yanke abin da kowa zai samu, kuma a nan ne kusanci da manya yake tasiri. Wanda yake aiki daga nesa, da ba a ganin fuskarsa, shi ne zai fi kowa zargin an danne shi a irin wannan zama, ko da ba a danne shi ba.

Amma lissafi yana da iyakarsa. Idan kaso ne kaɗai ya haɗa mutane, ofishin yakan koma kamar kasuwa: kowa da rumfarsa, ana biyan kuɗin shara tare, ba wanda ya damu da cinikin wani. Kuma wanda babu abin da ya ɗaure shi sai kaso, ranar da aka yi masa tayin wanda ya fi shi zai tashi, tashin kuma ba ya bukatar motar kwasar kaya. A watan Janairun 2024 lauyoyi sama da 100 suka fice daga FisherBroyles a lokaci guda, ƙarƙashin jagorancin Michael Pierson da Joel Ferdinand, suka kafa nasu ofishin mai suna Pierson Ferdinand, shi ma ba tare da gini ba. Sauƙin da ya sa irin wannan ofishi yake girma da sauri, shi ne kuma yake sa ya rabe da sauri.

Saboda haka ne ofisoshin suke kashe wani ɓangare na abin da suka tsimi daga haya wajen tara mutanensu a zahiri, wasu sau ɗaya a shekara, wasu fiye. Keystone, alal misali, yana da ƙaramin ofishi a tsakiyar Landan inda ake ganawa, kuma yana shirya wa lauyoyinsa taruka a kai a kai. Darasin da aka koya shi ne kwana biyu na cin abinci tare da hira yana sauƙaƙa kiran waya na wata shida. Abin da ya kamata a kiyaye kawai shi ne kada a cika kwanakin da jawabai, domin jawabi ana iya saurarensa daga gida.

Sirri da sa ido

Aikin lauya amana ne kafin ya zama komai. A gini, ƙofa da makulli da akawun da ke gadin fayil suna ɗaukar rabin wannan nauyi. A gida kuwa, lauya yana magana da wanda ake tuhuma da almundahana alhali ƙaninsa yana falo, ko ya bar kwamfutarsa a buɗe yaro ya zo yin aikin makaranta.

Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da matsaya kan wannan a watan Maris na 2021, mai lamba 498. Ta ce yin aiki daga nesa halal ne, amma bai rage ko ɗaya daga wajiban lauya ba. Ta ambaci tsare hanyar intanet ta gida, da amfani da kalmar sirri mai ƙarfi, da tabbatar da cewa 'yan gida ba sa jin tattaunawa, har ma da kashe na'urorin nan masu sauraren murya da ake ajiyewa a ɗaki. Ta kuma jaddada cewa manyan lauyoyi suna nan da alhakin sa ido a kan ƙanana da sauran ma'aikata duk inda suke. Wata uku kafin nan, a matsaya mai lamba 495, ta yi bayanin sharuɗɗan da lauya zai iya zama a wata jiha yana aikin jihar da ta ba shi lasisi.

Rubuta ƙa'ida abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen abin da ke faruwa bayan an karya ta. Ƙaramar lauyar da ta tura takarda zuwa adireshin imel ɗin da ba shi ba, ko ta latsa wani saƙon 'yan damfara, ita kaɗai ta sani. A ofis, wani zai ga fuskarta ta sauya ya tambaye ta ko lafiya. A gida babu mai gani, kuma kowace sa'a da ta yi shiru ɓarnar tana ƙaruwa. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard, wadda ta yi nazarin rukunonin ma'aikata a asibitoci da kamfanoni a shekarun 1990, ta lura cewa rukunin da ya fi nagarta yakan fi ba da rahoton kurakurai, saboda mutanensa ba sa tsoron faɗa. Ofishin nesa da ya saba wulaƙanta mai kuskure a gaban jama'a yana koya wa kowa ɓoyewa ne, kuma ya riga ya ba su wurin ɓuya. Hanyar da ta fi aiki ita ce a sanya mutum ɗaya sananne da za a kira a kowane lokaci, a kuma ga manya da kansu suna faɗin nasu tuntuɓen a taron mako.

Haka batun karon muradu yake, wato kada ofishi ɗaya ya tsinci kansa yana tsaya wa mai ƙara da wanda ake ƙara. Lauyoyin da suke zama tare sukan ji sunan abokin hamayya a bakin juna su farga. Waɗanda ba sa haɗuwa dole su sami rajista guda da ake duba kowane sabon suna a cikinta kafin a karɓi ko sisin kwabo, kuma babu wanda girmansa zai sa a ɗauke masa wannan.

Wa zai koyar da ƙanana?

Nan ne tsarin yake da rauni mafi girma, kuma masu tallata shi ba su cika son a daɗe a kansa ba. Aikin lauya sana'a ce da ake koyo a gindin gwani, kamar yadda yaron kanti yake koyon ciniki ta kallon ubangidansa. Takardar shaida tana ba mutum izinin shiga kotu, amma yadda ake kwantar da hankalin wanda ya firgita, da lokacin da ya kamata a yi shiru a teburin sulhu, da yadda ake faɗa wa attajiri cewa ba shi da gaskiya, duk a kallo ake ɗaukarsu. A watan Yulin 2021 babban lauyan bankin Morgan Stanley, Eric Grossman, ya rubuta wa ofisoshin da suke yi wa bankin aiki wasiƙa yana neman su mayar da lauyoyinsu ofis, kuma hujjarsa ita ce wannan koyo na gani da ido. Zuwa 2023 manyan ofisoshin birnin New York irin su Skadden da Davis Polk sun wajabta zuwa ofis kwana huɗu a mako.

Yawancin ofisoshin nesa sun kauce wa matsalar ne maimakon su warware ta. Suna ɗaukar lauyoyin da suka riga suka yi shekaru a manyan ofisoshi, suka ƙware, suka tara abokan hulɗarsu. Ma'ana, wani ne ya yi wahalar shuka, su suka zo girbi. Wannan yana tafiya daidai muddin ofisoshin nesa 'yan kaɗan ne. Ranar da suka zama su ne mafiya yawa, za a nemi inda gwanayen za su fito a rasa.

Waɗanda suke ɗaukar ƙanana da gaske sun gano cewa sai an mayar da abin da yake faruwa bisa katari ya zama tsari. Ana sa ƙaramin lauya cikin kiran da babba yake yi da abokin hulɗa, da izininsa, sannan a tsaya minti goma bayan an gama a bayyana masa dalilin da ya sa aka faɗi kaza aka bar kaza. Idan ya rubuta takarda, babba ya buɗe ta tare da shi a allo ya gyara yana bayani, maimakon ya mayar masa da ita a gyare ba ko kalma. Ana ware sa'o'in da ya san zai iya kira ba tare da jin ya dami kowa ba, domin ƙarami ba ya kiran babba a waya da sauƙin da zai leƙa ƙofarsa. Kuma ana rubuta komai: yadda ake buɗe fayil, yadda ake lissafin kwanakin ɗaukaka ƙara, wanda yake sa hannu a kan me. Kamfanin GitLab mai ƙera manhajoji, wanda ba shi da ofis, ya yi suna da kundin aikinsa da ke buɗe a intanet ga kowa, kuma ofisoshi da dama sun ari wannan dabara. Duk wannan yana cin lokacin babban lauya, lokacin da ba wanda zai biya. Idan tsarin rabon kuɗi bai ware wa koyarwa kaso ba, ba za a yi ta ba, komai yawan alkawarin da aka ɗauka.

Akwai kuma kaɗaici. Wani bincike da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta yi da gidauniyar Hazelden Betty Ford, wanda aka wallafa a 2016 kan lauyoyi kusan 13,000, ya samu kashi 28 cikin 100 da alamun ciwon damuwa, kuma kusan kashi 21 suna da matsalar shan barasa. Tun kafin aikin gida ya yaɗu ke nan. Sana'ar da take haka ana zaune tare, tana bukatar shugaban da zai riƙa kiran mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya tambayi lafiyarsu da ta iyali, ya kuma hana al'adar tura saƙo tsakar dare ana jiran amsa.

Ina Nijeriya take?

Korona ta buɗe ƙofar a nan ma. A watan Afrilun 2020 Babbar Kotun Jihar Borno ta yi zama ta bidiyo, abin da aka bayyana a matsayin na farko a ƙasar, kuma a watan Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta bayyana, a ƙararrakin da jihohin Legas da Ekiti suka shigar, cewa irin wannan zama bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Rajistar kamfani a hukumar CAC ta koma intanet, kuma gyaran da aka yi wa Dokar Shaida a 2023 ya faɗaɗa amfani da bayanai da sa hannu na na'ura. Lauyan da aikinsa rubuta yarjejeniya ne da rajista da ba da shawara yana iya yin mafi yawansa daga Kano ga ɗan kasuwar da ke Legas.

Sai dai akwai abubuwan da suke taka wa cikakken tsarin burki. Yawancin shari'o'i har yanzu a zauren kotu ake yinsu, da takarda da hatimin lauya. Ƙa'idojin sana'ar sun daɗe da hana lauya zuwa gidan mai neman aikinsa ko wurin kasuwancinsa don karɓar umarni sai da dalili na musamman, kuma sun hana wanda ba lauya ba zama abokin tarayya a ofishin lauyoyi, don haka hanyar da Keystone ya bi zuwa kasuwar hannayen jari a rufe take. Ga matsalar wutar lantarki da tsadar data, waɗanda in ofishi bai ɗauki nauyinsu ba, ƙaramin lauya ne zai biya daga albashin da dama bai taka kara ya karya ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, abin da bai dace da al'adar tura takardun shari'a barkatai ta WhatsApp ba.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da lauyansa ya ce masa ba su da ofis, rashin ginin shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Wanda yake sayo kaya daga Guwanzu ta waya ya san ana riƙe amana daga nesa. Abin da ya dace ya bincika shi ne ko sunan lauyan yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, da reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da yake ciki, da wanda yake duba aikinsa kafin ya fita, da inda ake ajiye takardun asali irin su shaidar mallakar fili. Ya kuma tambayi sunan lauya na biyu da ya san fayil ɗinsa, wanda zai tsaya a kotu idan na farkon ya kwanta rashin lafiya ranar da za a saurari ƙarar.